Mujalladai goma na Ante-Nicene Fathers: abin da mai neman hujjojin Kiristocin farko a kan gumaka zai tarar a ciki

Shekara biyu ke nan da na sayi mujalladai goma na tarin da ake kira Ante-Nicene Fathers a wani shagon tsofaffin littattafai a Jos, kuma sai yanzu nake jin na zauna da su zaman da zai ba ni damar faɗa wa mai niyyar saye abin da kuɗinsa zai kawo masa. Sunan yana nufin iyayen ikkilisiya da suka yi rubutu kafin babban taron Nikiya na shekarar 325. Abu guda ne ya kai ni gare su: ina koyar da tarihin ikkilisiya, kuma na gaji da maimaita wa ɗalibai cewa Kiristocin farko sun yi jayayya da masu bautar gumaka alhali ban taɓa jin jayayyar daga bakin masu ita ba. Saboda haka bitar nan a kan wannan batu ta tsaya.

Asalin aikin daga Edinbura ta ƙasar Sikotilan yake, inda Alexander Roberts da James Donaldson suka shugabanci fassara rubuce-rubucen daga Helenanci da Latinanci zuwa Turanci, aka fara fitar da su a 1867 cikin mujalladai ashirin da huɗu. A 1885 wani bishop na cocin Anglikan a Amurka, Cleveland Coxe, ya sake jera su bisa zamani, ya matse su, ya ƙara nasa bayanai, kuma wannan bugun na Amurka shi ne ake ta sake bugawa har yau. Nawa masu bango mai tauri ne, ɗinkinsu ya jure hunturu biyu ba tare da ya saki ba. An raba kowane shafi gida biyu, baƙaƙen kuma ƙanana ne ƙwarai, bayanan ƙasan shafi sun fi ƙanƙanta, har wanda ya fara amfani da tabarau zai gwammace ya yi karatunsa da rana.

Mai neman batun gumaka ba zai same shi a wuri ɗaya ba. Jastin Shahidi da wasiƙar da aka rubuta wa Diyognetus suna mujalladi na farko. Na biyu ya ƙunshi Tatiyan, Tiyofilus na Antakiya, Atenagoras na Atina da Kilement na Iskandariya, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne amfani a kan wannan batu. Tertuliyan na Kartaj ya cika na uku, Minusiyus Feliks da Orijen suna na huɗu, Arnobiyus yana na shida, Laktantiyus yana na bakwai. Kariyar addinin Kirista da Aristides ya rubuta tana mujalladin da aka ƙara daga baya, domin sai a 1889 aka gano kwafinta na harshen Siriyanci a gidan sufayen Dutsen Sina'i.

Abu na farko da karatun ya gyara mini shi ne tunanin cewa waɗannan mutane suna kai hari ne daga matsayin ƙarfi. Su ne ake tuhuma, kuma tuhumar ita ce ba su da allah. A idon Baroma, wanda ba shi da haikali, ba shi da gunki, ba ya yanka hadaya, kuma ya ƙi zuba turare gaban siffar Kaisar, mutum ne da ya yanke hulɗa da alloli, yana kuma jawo wa gari fushinsu. Jastin, a takardar da ya aika wa Kaisar Antoninus Piyus wajen shekarar 155, ya amsa cewa idan waɗannan alloli ake nufi, to lalle Kiristoci sun kafirce musu, amma ba su kafirce wa Allah na gaskiya ba. Kimanin shekara goma bayan haka aka fille masa kai a Rum. Atenagoras ya rubuta wa Markus Aureliyus da ɗansa Kommodus wajen 177, ya lissafa zargi uku da ake yi musu: rashin allah, cin naman mutane, da lalata tsakanin 'yan'uwa na jini. Mafi yawan takardarsa a kan na farkon ta tafi. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci dalilin zafin harshen da zai ci karo da shi.

Hujjar da ta fi yawa, wadda kuma ta fi daɗin karatu, ita ce ta cewa gunki aikin hannu ne. Tushenta ba sabo ba ne, domin Ishaya 44 ya riga ya yi maganar mutumin da ya dafa abinci da rabin itace ya sassaƙa allah da sauran rabin, Zabura 115 kuma ta yi maganar masu baki da ba sa magana. Abin da marubutan nan suka ƙara shi ne idon wanda yake zaune cikin birnin da gumaka suka cika kowace kwana. Marubucin wasiƙar Diyognetus ya lura cewa gumakan dutse da na yumɓu ana barin su a waje ba mai gadi, na azurfa da zinariya kuwa ana kulle su da dare a sa musu masu tsaro don kada ɓarayi su ɗauke, ya bar mai karatu ya yanke wa kansa hukunci ko wane ne ke kare wani. Tiyofilus ya ce muddin gunki yana shagon masassaƙi ba wanda ke kiran sa allah, amma da zarar an saya an kai haikali, har wanda ya sassaƙa shi yakan zo ya rusuna. Minusiyus Feliks ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar lokacin da allahntakar take shiga: an narka ƙarfe, an ƙera, an goge, bai zama allah ba tukuna; an haɗa gaɓoɓi an tsayar, har yanzu bai zama ba; sai an yi masa ado an keɓe shi an roƙe shi, wato sai lokacin da mutum ya ga dama. Shi ne kuma ya kawo ɓeraye da tsattsewa da shirwa da gizo-gizo a matsayin shaidu, ya ce su sun san gunki ba ya jin komai, shi ya sa suke gaigayar sa, su yi sheƙa a bakinsa, su yi saƙa a fuskarsa.

Tertuliyan lauya ne a salo, kuma ya fi kowa iya cizo. A kariyar da ya rubuta a Kartaj a 197 ya juya zargin rashin ladabi ga alloli kan masu yin sa. Ya ce su ne suke ba da allolin gidajensu jingina idan talauci ya matsa, su sayar, ko su narka Saturnus su yi tukunya, su mai da Minerba ludayi. Ya ce dabbar da suke kaiwa hadaya ita ce tsohuwa mai ƙazwa, idan kuma mai ƙiba ce sai su ba allah kai da kofato su tafi da tsoka gida. Kilement ya fi son labarai, kuma daga littattafan Helenawa kansu yake ɗebo su. Ya kawo na Diyonisiyus, mai mulkin Sisili, wanda ya tuɓe wa gunkin Zeyus mayafinsa na zinariya ya yafa masa na ulu, yana cewa wannan ya fi sauƙin ɗauka da bazara ya kuma fi ɗumi da sanyi. Ya kawo na Diyagoras, wanda ya jefa gunkin Herakulis na itace cikin murhu, ya ce masa ga aiki na goma sha uku bayan sha biyun da ya shahara da su. Ranar da na karanta wa ɗalibaina waɗannan, dariya ta hana mu ci gaba na ɗan lokaci.

Hujja ta biyu ita ce allolin nan mutane ne da suka rayu suka mutu. Wannan ma aro ce, daga wani Bahelene mai suna Yuhemerus da ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, wanda ya ce alloli tsofaffin sarakuna ne da mutanensu suka ɗaukaka. Mawaƙin Rum Enniyus ya juya littafinsa zuwa Latinanci, kuma yawancin guntayen da suka rage na wannan fassara a cikin Laktantiyus suka tsira. Kusan kowane ɗaya daga cikin marubutan ya ambaci kabarin Zeyus da mutanen tsibirin Karita suke nunawa. Amma misalin da ya fi ƙarfi na zamaninsu ne. Antinowus, saurayin da Kaisar Hadiriyan yake ƙauna, ya nutse a kogin Nilu a 130, sai Hadiriyan ya sa aka gina masa haikali da birni, aka shiga bauta masa. Jastin ya ce kowa ya san ko shi wane ne da inda ya fito, amma tsoro ya sa ake yi masa sujada. Tertuliyan ya ƙara da cewa a Rum sai majalisar dattawa ta amince kafin a karɓi sabon allah, saboda haka allahn da bai gamshi mutum ba ba zai samu allahntaka ba. Atenagoras ya jingina da Herodotus, marubucin tarihi, wanda ya ce mawaƙan nan Homer da Hesiyod, da suka riga shi da shekara ɗari huɗu kacal, su ne suka ba Helenawa asalin allolinsu da sunayensu. Tiyofilus kuwa tambaya ya yi: in da can alloli suna haihuwa, me ya hana su yanzu, tsufa ne ko mutuwa?

Sai hujja ta uku, wadda take cewa akwai wani abu a bayan gunkin, kuma aljanu ne. Jastin ya ce miyagun ruhohi ne suka tsorata mutane tun da can har aka kira su alloli, kuma su ne suka sa aka kashe Sokratis da ya nemi tona asirinsu. Tertuliyan da Minusiyus sun ce waɗannan ruhohi suna ɓuya cikin gumaka, suna ƙoshi da hayaƙin hadaya da jini, su sa wa mutum cuta sannan su janye ta don a ce sun warkar. Madogararsu ita ce 1 Korintiyawa 10:20 da fassarar Helenanci ta Zabura 96:5, wadda ta kira allolin al'ummai aljanu.

A nan ne na ga amfanin mallakar tarin gaba ɗaya maimakon karanta guntaye a littafin darasi. Idan aka jera hujjojin uku, sai a ga ba su zauna da juna lafiya ƙalau ba. Ta farko tana cewa gunki fanko ne da ko ɓera bai ji tsoronsa ba, ta uku kuwa tana cewa mazaunin wani iko ne mai haɗari da ya wajaba Kirista ya nisanta. Marubutan sun ga wannan, wasu kuma sun yi ƙoƙarin ɗinkewa da cewa sunan na mataccen sarki ne, jikin na dutse ne, aikin kuma na aljani ne. Ɗinkin ya riƙe a takarda, amma mai karatu zai lura cewa hujjar ba'a ake fitarwa idan ana magana da masu ilmin Helenawa, hujjar aljanu kuma ita ce take aiki idan Tertuliyan yana gaya wa Kirista masassaƙi ko malamin makaranta abin da sana'arsa ta halatta masa, kamar yadda ya yi a ɗan littafinsa kan bautar gumaka a mujalladi na uku.

Babban abin yabo a tarin shi ne ɗaya ɓangaren ma yana magana, kuma ba maganar wawa yake yi ba. Littafin Minusiyus hira ce tsakanin abokai uku a bakin teku a Ostiya, wadda ta taso saboda ɗayansu, Kaikiliyus, ya sumbaci hannunsa don girmama gunkin Serafis da suka wuce. An ba shi fili ya yi doguwar magana, ya ce tun da ɗan Adam ba ya iya sanin gaibu, hankali shi ne ya riƙe abin da ya gada daga kakanni, musamman da yake wannan bauta ce ta kai Rum ga mulkin duniya. Orijen kuma, a littattafai takwas da ya rubuta wajen 248, ya kwafo maganar Kelsus, wani masanin falsafa da ya rubuta littafi yana sukar Kiristoci, kusan jimla bayan jimla kafin ya ba da amsa, kuma ta wannan hanya kaɗai littafin Kelsus na wajen 178 ya iso gare mu. Kelsus ya ce in ba jariri ba, wa yake ɗaukar dutse ko itace a matsayin allah? Siffofi ne kawai da aka keɓe wa alloli. Wannan amsa ta rage wa hujjar ɓeraye da gizo-gizo kaifi sosai, kuma Orijen bai tsaya kan ba'a ba, sai ya koma kan cewa siffar Allah ta gaskiya ita ce halin kirki da ake ginawa cikin ran mutum. Ya kamata a kuma faɗa cewa yawancin makaman da aka yaƙi allolin Helenawa da su a maƙerar Helenawa aka ƙera su. Shahararriyar maganar Zenofanis, wani tsohon masanin falsafar Helenawa, cewa da shanu da dawaki suna da hannun zane da sun zana allolinsu da siffar shanu da dawaki, ta hannun Kilement ta tsira.

Arnobiyus ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake tauhidinsa yana da ramuka da masana suka daɗe suna nunawa. Malamin balaga ne a Sikka, garin da ake kira El Kef a Tunisiya ta yau, ya kuma rubuta littattafansa bakwai a farkon ƙarni na huɗu, zamanin tsanantawar da Kaisar Diyokletiyan ya yi wa Kiristoci, wadda ta fara a 303. Shi da bakinsa ya ce ba da daɗewa ba idan ya ga dutsen da aka shafe da mai yakan rusuna ya roƙe shi, don haka shaidarsa ta wanda ya fito daga ciki ce. Ya buɗe aikinsa da amsa zargin cewa tun da Kiristoci suka bayyana bala'o'i suka yawaita, zargin da Tertuliyan ya riga ya taƙaita da cewa ko kogin Tiber ya yi ambaliya, ko Nilu ya ƙi cika, ko an yi fari ko yunwa ko annoba, ihun ɗaya ne: a jefa Kiristoci ga zaki. Amsarsu duka biyu tarihi ce, wato su lissafa yaƙe-yaƙe da annoba da suka faru tun kafin a ji sunan Kirista. A littafi na bakwai Arnobiyus ya sa wa bijimi baki, ya tsayar da shi gaban Jufita, babban allahn Romawa, yana tambayar laifin da ya yi har za a yanka shi don zunubin wani. Wannan shafi shi ne na fi komawa gare shi a mujalladai goman. Wani abin sha'awa shi ne hirar Minusiyus ta tsira ne saboda wani magatakarda ya kwafe ta a matsayin littafi na takwas na Arnobiyus, domin sunanta Oktabiyus ya yi kama da kalmar na takwas a Latinanci, kuma sai a ƙarni na sha shida aka raba su.

Aibobin tarin ba ƙanana ba ne. Turancin na ƙarni na sha tara ne, jimlolinsa dogaye masu lanƙwasa, kuma ɗalibin da Turanci yake harshensa na biyu ko na uku zai sha wahala, musamman a Tertuliyan wanda ko a Latinancinsa ba mai sauƙi ba ne. Kunyar zamanin mafassaran ta sa sun bar wasu wurare ba fassara: littafi na uku na Stromata na Kilement, wanda yake magana kan aure da sha'awa, gaba ɗayansa cikin Latinanci aka buga shi, abin da ya mai da shi rufaffen ɗaki ga kusan kowa a nan. Bayanan Coxe kuma suna da nasu ciwo, domin sau da yawa yakan bar ƙarni na biyu ya shiga faɗa da cocin Katolika na zamaninsa, har mai karatu ya riƙa jin muryoyi biyu a shafi ɗaya. Binciken da ke cikin gabatarwa ya tsufa da fiye da shekara ɗari, kuma akwai rubuce-rubucen da aka jera ƙarƙashin sunan Jastin, kamar gargaɗi ga Helenawa, waɗanda masana a yau ba su ɗauke su nasa ba.

Aibin da ya fi damuna kuwa iyakar 325 ce, domin tana yanke labarin a daidai inda ya juya. Cikin waɗannan mujalladai za a ji Tertuliyan yana gaya wa gwamna Skafula a 212 cewa ba aikin addini ba ne ya tilasta addini, a ji Laktantiyus yana cewa ana kare addini da mutuwa dominsa, ba da kisa ba. Ba za a ji Firmikus Maternus ba, wanda wajen 346 ya yi amfani da yawancin hujjojin nan wajen roƙon 'ya'yan Kaisar Konstantin su kawar da bautar gumaka da ƙarfin mulki, kuma ba za a ga dokokin Kaisar Tiyodosiyus na 391 da 392 da suka haramta hadaya ba. Littafin Atanasiyus a kan masu bautar gumaka da Birnin Allah na Agustin, wanda ya fara bayan an washe Rum a 410, suna cikin tarin da ya biyo baya mai mujalladai ashirin da takwas da Philip Schaff ya jagoranta. Malamin da ya tsaya kan goman nan kaɗai zai ba ɗalibansa rabin labari, kuma rabin da ya fi daɗin ji ne.

Game da kuɗi, tarin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kuma ana samun rubutunsa kyauta a intanet a shafukan CCEL da New Advent, inda neman kalma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan fihirisar takarda. Ɗalibi ko fasto mai ƙaramin ƙarfi ba shi da dalilin cin bashi don ya saya. Ɗakin karatu na makarantar tauhidi ko sashen nazarin addinai a jami'a kuwa ya dace ya mallake shi, domin wuta da data ba abin dogaro ba ne, kuma buɗe Kelsus a hannu ɗaya da Arnobiyus a ɗayan yana nuna abin da allon waya ba ya nunawa. Wanda ya samu ana sayar da su ɗai-ɗai, kuma batun gumaka ne ya dame shi, ya fara da na biyu da na huɗu, ya bi da na uku da na shida. Ya kuma duba mujalladi na biyu da kyau kafin ya biya, domin a tsofaffin kwafi shi ne aka fi buɗawa, shi ne kuma bangonsa yake fara rabuwa da jiki.